Ranar da Bahago Ya Yanke Maratayi

Marin farko da Bahago ya sha a matsayin shugaba, yayansa ne ya zabga masa, uwa ɗaya uba ɗaya, a gaban mutum arba'in da biyu, kwana uku kacal da zaɓe. Bai tsaya tambayar dalili ba. Ya dunƙule hannun hagu ya kai wa yayan nasa naushi a haƙarƙari, suka sarƙe, suka faɗi cikin taɓon gindin famfo suna birgima, jama'a na ihu ana ba su fili. Da aka raba su leɓen Bahago ya fashe, yayan nasa kuwa, wanda kowa ke kira Guduma, yana tofar da yawu ja-ja. Suka wanke fuska a famfo ɗaya aka ci gaba da taro. A wannan wuri irin wannan ba a ce masa faɗa, gaisuwar safe ce.

'Yan dako ne na wani katafaren sito inda tireloli ke sauke siminti da taki da gishiri da kwalayen sabulu. Kowane ɗan dako yana da ƙugiyarsa, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsini da mariƙin katako, da ita yake cafko kunnen buhu ya ɗora a baya. A jikin katangar gindin famfo kuma akwai wani dogon bututun ƙarfe da aka kafa a kwance, ana ce masa maratayi. Duk wanda ya iso da safe sai ya rataya ƙugiyarsa a bayan ta wanda ya riga shi. Idan mota ta shigo, mutum takwas na farko su sauke nasu su hau aiki, sauran su matsa gaba. Doka ɗaya ce tak a kai, kuma ba ta da roƙo: wanda duk ya sauke ƙugiyarsa kafin layi ya zo kansa, ko na minti ɗaya ne, ya koma ƙarshe. Saboda haka duk wata gardamar layi a nan gindin famfo ake yin ta, ana nuna ƙarfe da yatsa, ana zage-zage, ana kai naushi, ƙugiyoyi na can sama suna lilo babu mai taɓa su.

Ubansu Bahago ne ya kafa maratayin nan shekara talatin da wani abu da suka wuce, shi kuma ya riƙe ƙungiyar har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye. Kowa ya ɗauka Guduma zai gaje shi. Amma da aka zo ɗaga hannu, tsofaffi da raunana suka fi yawa, suka zaɓi ƙanen. Guduma ya yi wata dariya da hanci a ranar ya fita.

Washegarin zaɓe sabuwar manajar sito ta kira Bahago ofis. 'Yar gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta nuna masa taga, inda wata tirela ke tsaye direbanta na barci a ƙarƙashi, 'yan dako suna can suna shaƙe da wuyan juna.

Ta ce, "Motar nan ta yi awa guda da shigowa. Akwai wani kamfani da ya ce zai kawo min motocin ɗaga kaya guda biyu da mutum shida, su yi min aikin da ku arba'in da biyu kuke yi. Na ce su dakata. Na ba ku wata ɗaya ka gyara min layin nan."

"Za a gyara, ranki ya daɗe."

"Naushinku zan iya kawar da kai har watan ya cika. Amma ranar da aka ɗauki wani daga harabar nan zuwa asibiti, ranar zan sa a rufe muku ƙofa, kuma ba zan sake buɗewa ba. Ka ji ni?"

Ya ji ta sarai. Ya fito da nauyin gida arba'in da biyu a wuyansa, kuma ga gaskiya, har da ɗan farin ciki a ransa, domin ya daɗe yana jin haushin maratayin nan. Shekara goma sha ɗaya yana kallon abin da ake yi da shi. Guduma yana da mutanensa bakwai, cikinsu har da wani ƙato mai suna Jan Wuya da ke zaune a bayan sito. Jan Wuyan ne ke zuwa tun da sassafe ya jera ƙugiya takwas a gaba, masu su kuwa suna gida suna shan shayi. In motar sabulu ce ta shigo, tasu ce. In ta siminti ce, kafin ka ƙifta ido ƙugiyoyinsu sun koma tsakiya, tsofaffi irin su Kurma sun tsinci kansu a gaba suna haɗiyar ƙura. Ka yi magana ka sha duka. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma Bahago bai yi ƙarya ba da ya kira shi haka.

Abin da ya faɗa a taron da ya jawo masa mari ke nan. Ya ce daga yanzu za a raba mutane rukuni biyar, a cakuɗa ƙarfafa da tsofaffi, a rubuta a allo, rukuni na bin rukuni. Mutum biyun da suka rage su riƙa cike gurbin wanda bai zo ba. Babu sammako, babu jera wa wani. Kowa ya riƙe ƙugiyarsa a ƙugu, mota na tsayawa a hau, ba sai an ruga gindin famfo ba.

Guduma ya share bakinsa ya ce, "Wato kai ne za ka gyara abin da Baba ya kafa?"

"Yaya, Baba bai kafa shi don Jan Wuya ya riƙa yi muku jere ba."

"Kai ka san don me ya kafa shi?"

"Don layi mana. Kuma layin ya ruɓe."

Guduma ma bai san wani dalili da ya wuce wannan ba, don haka ya yi tsaki ya juya. Aka ɗaga hannu, allo ya ci da mutum ashirin da shida.

Cin zaɓe daban, canza hannun mutum daban. Ranar farko aka kafa allo, Bahago ya rubuta sunaye da alli, rubutu mai kyau har da ja layi. Kafin azahar an sa wa allon ƙafa an raba shi biyu. Ya kawo wani ya ɗaure a sama da waya. Abin da ya fi ba shi takaici ma ba masu fasa allon ba ne, nasa mutanen ne. Waɗanda suka ɗaga masa hannu su ne za su shigo da safe, su duba allo, su gyaɗa kai, sannan ƙafarsu ta kai su gindin famfo su rataya ƙugiya kamar an yi musu asiri. Sai aka wayi gari layi biyu ake bi a wuri ɗaya. Mota ta shigo, na allo su ce tasu ce, na maratayi su ce tasu ce, a kaure. Faɗan da ake yi a da sau biyu a rana ya koma sau biyar.

Ranar Alhamis ta mako na uku Jan Wuya ya ritsa Kurma a bayan tulin taki. Kurma tsoho ne, kunnensa ɗaya ya mutu, laifinsa kawai ya nuna allo da yatsa. Jan Wuya ya riƙe masa ƙeya ya riƙa buga fuskarsa da gwiwa har haƙora biyu suka zube a ƙasa. Bahago ya iso da gudu ya ɗare bayan ƙaton ya shaƙe shi, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi. Daga nan ya ja Kurma lungu, ya cire rigarsa ya toshe masa baki da ita, yana leƙen tagar manaja, yana roƙon tsohon da ya rufa masa asiri kada ya ce zai je asibiti. Kurma ya kalle shi da jajayen idanu ya gyaɗa kai. Kunya ta kama Bahago har ya rasa inda zai sa fuskarsa, kuma nan take kunyar ta juye ta zama fushi, fushin kuma ya sauka a kan bututun ƙarfen da ke jikin katanga.

Ya ce a ransa muddin abin nan yana nan, allo ba zai taɓa zama layi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya shigo da mai walda, da injin yankan ƙarfe a kafaɗa. Mai gadi, wani tsoho da ya girmi sito kansa, ya tare shi a ƙofa.

"Ɗana, ka tambayi tsohonka kafin ka taɓa ƙarfen nan."

"Baba, tsohona ba ya magana, ai ka sani."

"To tambayi tsohuwarka."

Bahago ya yi murmushi don girmamawa ya wuce. Me Inna ta sani game da dako, matar da ko ƙofar sito ba ta taɓa gani ba? Ya je ya tsaya a gindin famfo ya ce kowa ya sauke ƙugiyarsa. Aka yi cirko-cirko. Ya fara saukewa da kansa yana miƙa wa masu su, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan ta Guduma. Guduma ya karɓa ya juya ta a hannu.

Ya ce, "Yanke. Ai kai ne shugaba. Amma ka sani daga yau ni ba ni da ƙane a cikin harabar nan."

Injin ya yi ƙara, tartsatsi ya tashi, cikin minti biyar abin da ya shekara talatin ya faɗi ƙasa gida uku. Wurin da ƙugiyoyi ke gogawa ya yi santsi yana sheƙi. Mai walda ya tattara guntayen ya ce zai yi ƙafar benci da su.

Lahadi da yamma Bahago ya je gidan iyayensa yi wa uban aski, kamar yadda ya saba. Tsohon yana jingine da filo, rabin fuskarsa a sake, ido ɗaya na tsiyayar ruwa. Bahago ya shafa masa sabulu, yana bi da reza a hankali ta gefen tsohon tabon da ya taso daga ƙasan kunnensa ya gangara har kafaɗa. Tun suna yara aka gaya musu faɗowa ya yi daga kan mota. Inna tana kicin, sai ya rage murya ya ba uban labari, da allo, da rukuni, da manaja, har ya zo kan mai walda.

Hannun tsohon mai lafiya ya cafke wuyan hannunsa da wani irin ƙarfi da bai san yana da sauransa ba. Bakin ya yi ta motsi, yawu na zuba, sauti na fita babu kalma.

"Na sani, Baba. Na san aikin hannunka ne, na san da zafi. Amma zamani ya canza. Zan riƙe maka mutanenka, ba zan bari a kore su ba."

Tsohon ya yi ta girgiza hannun har ya gaji ya saki. Bahago ya goge masa fuska, yana jin tausayinsa irin na mai lafiya ga marar lafiya. Da zai fita ya ga ƙugiyar uban a rataye a ƙusa bayan ƙofa, mariƙinta ya yi baƙi don tsufa. Shugaba ba ya ɗaukar buhu, tasa ƙugiyar ya riga ya kyautar. Amma ya ga ya kamata gobe mutane su gan shi da ƙugiya a ƙugu, ta ubansa ma kuwa, su san ba gudun gado yake yi ba. Ya sauke ta.

Inna ta fito daga kicin tana goge hannu. "Ina za ka kai wannan?"

"Wurin aiki, Inna."

Ta dubi ƙarfen, fuskarta ta canza. "To da ka isa ka rataye ta. Ka ji ko? Kada ka yi ta yawo da ita a hannu."

"To, Inna."

Bai gaya mata babu wurin ratayewa ba. Ya ga ba amfanin tayar mata da hankali a kan abin da ba ta gane ba.

Litinin ta fara kamar mafarki. Babu maratayi, don haka kowa ya tsaya gaban allo, ƙugiya a ƙugu ko a hannu. Motar gishiri ta shigo, rukuni na ɗaya ya hau kafin direba ya kashe inji. Ta taki ta biyo baya, rukuni na biyu ya karɓa. Kafin ƙarfe goma an sauke mota uku, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka gina wurin. Kurma, da kumburarren bakinsa, yana ɗaukar gishiri tare da samari ƙarfafa yana dariya da giɓinsa. Manaja ta fito ta tsaya a kan matakala, ta dubi agogo, ta dubi Bahago, ta ɗan gyaɗa kai ta koma. Wannan ɗan gyaɗa kan ya shiga ransa har ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ciro ƙugiyar uban yana nuna layukan allo da ita kamar malamin makaranta.

Sha ɗaya saura kwata motoci biyu suka iso tare, ta siminti da ta sabulu. Ta siminti ce ta fara sa kai a ƙofa, amma ta tsaya mai gadi na duba takardunta, ta sabulu ta zagaye ta ta riga ta tsayawa a bakin sito. Allo ya ce layin rukuni na huɗu ne, na biyar na biye. Bai ce komai ba a kan wacce ce ta fara zuwa. A zamanin maratayi wannan ba tambaya ba ce, takwas na farko su ke zaɓa. Bahago ya yi tunanin komai ban da wannan.

Guduma yana rukuni na huɗu. Ya nufi motar sabulu kai tsaye. Na biyar suka sha gabansa suka ce ta siminti ce ta fara shigowa, ita ce ta su Guduma. Murya ta tashi. Mutane suka baro inuwa suka taru, ba a gindin famfo ba, a nan tsakanin motocin biyu, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Bahago ya kutsa tsakiya. "Wadda ta fara sa kai a ƙofa ita ce ta farko. Rukuni na huɗu, siminti."

"A ina aka rubuta haka?" in ji Guduma.

"Yanzu na faɗa."

"Yanzu ka faɗa! Wato in layi ya zo kaina sai doka ta haihu. Da can ma abin da kake so ke nan, ka ga na haɗiyi ƙura a gaban mutane."

"Yaya, shekara nawa tsofaffin nan suna haɗiyar taka? Yau ɗaya ka haɗiyi taka da kanka."

"Ni kake gaya wa haka? Ni da na goya ka?"

Marin ya zo daidai inda na farko ya sauka, a kuncin dama, da ƙarar da ta sa tsuntsaye suka tashi daga rufin sito. Kuma hannun hagun Bahago ya tashi, kamar yadda ya tashi sau ɗari tun suna yara, kamar yadda ya tashi a gindin famfo makonni uku da suka wuce, ba tare da ya nemi izinin kai ba. Hannu ne da ya saba ramawa nan take, domin duk tsawon rayuwarsa a wurin nan bai taɓa ramawa da wani abu a cikinsa ba.

Bai ji irin karon da ya saba ji ba. Ya ji hannun ya maƙale, kamar an cafki buhu. Ya fizgo don ya kuɓuta, a nan ne ya ji abin ya yage.

Guduma bai yi ihu ba da farko. Ya dafe fuska da hannu biyu ya yi baya taga-taga, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa yana gangarowa gwiwar hannu. Ya durƙusa. Sannan ihun ya fito, irin wanda Bahago bai taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ƙugiyar ta shiga ta gefen idon dama ta fito ta kunci.

"Ya kashe shi!" in ji Jan Wuya, ya kai sara.

Bahago ya kauce ba da saninsa ba, tsinin ya sauka a kafaɗar Kurma da ke bayansa ya ja shi ƙasa. Daga nan babu wanda zai iya cewa wa ya sari wa. Mutum arba'in da suka saba kai hannu kafin tunani, yau kowane hannu da ƙarfe. Wani ya sari wani a cinya, wanda aka sara ya faɗi yana sarar ƙafafun da ke kusa da shi. Wani ya kai wa abokin rukuninsa a baya don bai gane shi ba. Saran da ya kuskure mutum ya riƙa samun buhu, siminti ya riƙa ɓarkewa daga gefen mota yana tashi, har ba ka ganin wanda ke gabanka, sai tari da ashar da ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Direban sabulu ya kulle kansa a mota, aka tarwatsa masa gilashi. Mai gadi yana ta busa usur babu mai ji.

Bahago bai sake ɗaga hannu ba. Ya yar da ƙugiyar ya faɗa kan yayansa ya rufe shi da jikinsa, ana tattaka masa baya, yana danna tafin hannu a kan raunin, jini mai ɗumi na cika masa hannu yana haɗuwa da siminti yana zama taɓo. Yana ta cewa, "Yaya, Yaya, ban sani ba tana hannuna, wallahi ban sani ba." Guduma na ta karkarwa a ƙarƙashinsa.

Duka-duka abin bai kai minti huɗu ba. Ya mutu da kansa, lokacin da ƙurar ta lafa mutane suka ga abin da suka yi. Mutum biyar aka jera a bayan wata buɗaɗɗiyar mota. Da motar za ta fita, Bahago yana zaune a baya da kan yayansa a cinya, ya ga manaja a kan matakala. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ma kalle shi da ƙiyayya ba. Ta miƙa wa mai gadi kwaɗo da makulli kawai.

A asibiti likita ya ce idon ya tafi, amma ran yana nan. Da la'asar ɗan sanda ya zo da littafinsa ya tsaya a kan gadon Guduma, wanda aka naɗe wa rabin kai da bandeji. Inna tana zaune a gefe, matar Guduma na kuka a ƙasa.

"Wa ya yi maka wannan?"

Bahago ya matso. "Ni ne, yallaɓai."

"Ƙarya yake yi," in ji Guduma, muryarsa a dushe, bakinsa da kyar yake buɗuwa. "Ruɗewa ce ke damunsa. Faɗowa na yi daga kan mota, na faɗa kan ƙugiyata."

Ɗan sandan ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya sake tambaya, ya sake samun amsa ɗaya. Sauran huɗun ma da ya zagaya gadajensu, kowa faɗowa ya yi daga kan mota. Ya rufe littafinsa ya ce lallai motar nan tana da santsi, ya fita. Guduma ya juya fuskarsa bango, bai sake juyowa ba, ko da Bahago ya kama ƙafarsa yana kuka.

Inna ta tashi ta ja Bahago waje, zuwa wani benci a baranda. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi rigarsa da ta bushe ta yi tauri da jini da siminti.

Ta ce, "Na ce ka rataye ta."

"Babu maratayin, Inna. Na yanke shi ranar Asabar."

Ta zauna a kan bencin. Can ta ce, "Ubanku ma haka ya gaya wa 'yan sanda. Faɗowa daga kan mota. Ina da cikinka wata bakwai. A kan layin mota ne, shi da ƙanensa, baffanku da kuka taso ba ku taɓa gani ba. Baffan naku ne ya sare shi da ƙugiya, shi ma bai san tana hannunsa ba. Ya bar gari a makon, har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba, in ma ya mutu. Ranar da aka sallami ubanku, kafin ya zo gida sai da ya biya wurin mai walda. Ya ce min mutanen nan ba za su taɓa daina faɗa ba, shi ma ba zai daina ba, abin da zai iya kawai shi ne ya tabbata in an tashi faɗan hannun kowa babu komai."

"Me ya sa ba ku taɓa gaya mana ba?"

"Ya za a yi uba ya gaya wa 'ya'yansa maza biyu abin da ƙanensa ya yi masa?" Ta gyara mayafinta. "Kuma kai ka tambaya?"

Washegari da safe ƙafarsa ta kai shi sito, don bai san wani wurin da ake zuwa da safe ba. Ƙofar tana kulle da kwaɗo. An manna takarda a jiki, bai karanta ba. Ta tsakanin sandunan ƙofar ya hango an wanke harabar tas, allonsa na nan a ɗaure da rubutunsa mai kyau, wata motar ɗaga kaya mai ruwan ɗorawa tana juyi da tulin siminti a gabanta, mutum ɗaya tal a kanta.

Mutanensa suna nan, kusan talatin, zaune a gefen titi, wasu da bandeji. Babu wanda ya kira su, babu kuma motar da za su sauke. Amma a jikin sandar da ta gitta ƙofar, ƙugiyoyi ne a jere, kowacce a bayan ta wanda ya riga mai ita zuwa, ta Jan Wuya tana ta goma sha ɗaya, daidai inda ya iso. Babu wanda ya zagi Bahago. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Mai gadi ya zuro hannu ta cikin ƙofar ya miƙo masa wani abu a naɗe cikin takardar siminti. Ya ce ya tsince ta jiya a ƙarƙashin mota, ya wanke. Bahago ya buɗe, ya ga baƙin mariƙin da tafin ubansa ya cinye. Ya bi jeren da ido har ƙarshe, ya je ya rataye ta a bayan ta kowa, ya nemi wuri a gefen titi ya zauna tare da su.